Tulun Hakama da Birnin Toka

A zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara kuka a ƙasar Hausa ba, an yi wata maginiya a garin Kukar Magina, sunanta Hakama. Tulunta ya yi suna, don ko a tsakiyar bazara in ka sha ruwansa sai ka ji sanyin har ƙwaƙwalwa. Bakinta ma ya yi suna. In ta fara ba da labari a bakin rijiya, sai mata su manta guga na ciki. Mijinta, Malam Tunau, shekara talatin ya yi yana rubutun sha: ya rubuta a allo, ya wanke a ƙoƙo, mara lafiya ya sha. Mutumin kirki ne, wannan ba zan hana shi ba. Amma irin malaman nan ne da in sun san abu guda sai su ɗauka duniya duka a cikinsa take.

Magina ba sa gina tulu da yumɓu zalla. Sai sun daka tsofaffin tsingaro sun gauraya, don kada ya tsage a wuta. Wata rana Hakama tana haƙa a ramin yumɓu sai ta tono wani gasasshen abu, bai kai tafin hannu ba, jikinsa duk zane kamar sawun kaji a taɓo. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ji gashinsa ya yi kyau ƙwarai, ta jefa shi a turmi ta dake. Ita dai rubutun da ta sani shi ne na tawada. Ta gina tulu da garin, ta gasa, ta cika shi da ruwa, ta fara sha kamar yadda take yi wa kowane sabon tulu.

Washegari ta buɗe baki za ta ce a miƙo mata ludayi, sai kalmar ta ɓace, wata kalma mai nauyi wadda ba wanda ya taɓa ji ta fito a madadinta. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Kwana uku sunayen kayan ɗaki suka ƙare mata. Kwana biyar ta kasa kiran maƙwabtanta. Daga nan ba wanda ya ƙara yin dariya. Matar da ba a iya tsayar da ita in ta fara magana ta koma zama a bayan ɗaki tana kuka, tana lissafa abin da ya rage mata na Hausa a kan yatsunta. Malam Tunau ya yi mata rubutu sau bakwai, ta sha, ko gezau.

Ran kwana na bakwai da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, yana zaune a gindin kuka yana feƙe alƙalami sai ya ga inuwar bishiyar ta ƙaru. Ya ɗaga kai ya ga wani dogon mutum, hularsa mai tsini, takalmansa sun lanƙwashe sama, idanunsa ba sa ƙiftawa. Warin toka ya cika wurin.

Dogon ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ni ne Kurmuzu, ɗan aiken Birnin Toka. Wani allo ya suɓuce daga kayanmu muna wucewa ta saman ƙasarku, matarka ta daka shi a turmi. Allon nan ya girmi garinku da shekara dubu uku da ɗoriya. Harshen da ke cikinsa ya shiga bakinta, nata kuwa yana zuwa mana kalma bayan kalma. Ranar da ta ƙarshe ta iso, babu komowa. Abin da ya rage mata ba zai wuce kwana uku ba."

Malam Tunau ya karanta duk abin da ya zo masa a baki, dogon bai motsa ba. Da ya ga haka sai ya tambayi abin da ake so da shi. Aka ce ya ɗauki tulun a kansa ya kai shi Birnin Toka da ƙafarsa, ko tsagewa kada ya yi. Malam, wanda ko butarsa ba ya ɗauka in akwai mai ɗaukar masa, ya yi gammo da rawaninsa ya aza tulu. Hakama ta riƙe gefen rigarsa, ta daɗe tana neman kalmomi, ta ce, "Malam, kada ka daɗe." Ya ce mata in Allah ya yarda ba zai daɗe ba, ya juya da sauri don kada ta ga fuskarsa.

Kurmuzu ya ce ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya ga kansa a wani fili mai ciyawa, ba dutse ba bishiya, iyakar gani. Iska mai sanyi tana kaɗawa, cikin iskar kuwa muryoyi ne: maza na kiran dawakai, mata na rera waƙa, ana jin ƙarar ƙafafun keken shanu, amma babu kowa. Kurmuzu ya yi masa kashedi tun kafin su taka. Ya ce nan ne Filin Muryoyi, wurin waɗanda suka yi magana suka mutu ba a taɓa rubuta musu ko harafi ba. Suna neman baki mai rai su shiga. Duk wanda ya amsa musu, ko da uhum ne, ya bar harshensa a nan.

Suka shiga. Muryoyin suka taru a kunnen Malam kamar ƙudan zuma. Da suka ga bai tanka ba, sai suka yi masa sallama. Wannan ita ta fi ba shi wahala, don tun da ya yi wayo bai taɓa jin sallama ya ƙi amsawa ba. Ya cije leɓensa har jini ya fito. Can sai ya ji muryar mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekara ashirin, tana kiransa da sunan da ita kaɗai take kiransa, tana tambaya ko ya ci abinci. Hawaye suka zubo masa, hannuwansa biyu na riƙe da tulu bai sami damar sharewa ba. Haka ya yi tafiyar yini guda bakinsa a rufe.

Kwana na biyu suka hau wasu duwatsu masu santsi, inda hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, hagu da dama rami ne wanda ba a ganin ƙarshensa. Wasu tsuntsaye masu baki kamar tsinin gatari suka yi ta kai wa tulun sara. Malam ya sauke shi daga kai ya rungume a ƙirji, ya ba su bayansa. Suka yayyaga rigarsa, suka sassare kafaɗunsa, tulu dai bai ji komai ba.

Da hantsin kwana na uku suka iso wata ƙofar dutse, zakuna biyu na dutse suna gadinta. Na dama ya buɗe baki, ƙura ta zubo, ya ce, "Kai mai ɗauke da kayanmu, wane ne babba, baki ko hannu?"

Malam ya so ya ce hannu, don da hannu yake ci, da shi kuma aka san shi. Amma kwana guda a Filin Muryoyi ya koya masa abin da bai karanta a littafi ba. Ya ce, "Baki ne babba, ranka ya daɗe. Hannu bawansa ne, kuma ya zo a makare." Zakin ya rufe baki, ƙofa ta buɗe.

Birnin Toka birni ne da ke ci da wuta, kuma tun ranar da abokan gaba suka cinna masa ita bai daina ci ba. Azara na faɗuwa ba ta kaiwa ƙasa, hayaƙi ya tsaya cak a sama. Suka ratsa ta tsakiyar harshen wuta, gemun Malam ya ƙone rabi, tafin ƙafarsa ya yi bororo. A ƙarshen hanyar akwai wani zaure mai tsawo, bangonsa hagu da dama jere da allunan yumɓu, dubu bisa dubu. Wata tsohuwar aljana tana zaune a tsakiya, gashinta fari fat, farcenta duk yumɓu. Kurmuzu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce wa Malam wannan ita ce Uwar Alluna.

Ba ta dubi Malam ba, tulun ta duba. Ta hura masa iska sau ɗaya, sai wata jar ƙura ta fito daga jikinsa ta taru a tafinta, ta dunƙule ta koma allo. Tulun ya zube ya zama gari. Ta miƙe ta mayar da allon a wani gurbi, na farko a layin farko.

Sannan ta ce, "Ya kai mai tawada, ka san abin da matarka ta daka? Mutanen filin da ka ratso sun watsu a duniya da dawakansu da kekunansu, gabas da yamma. Harshensu ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi jikoki. Farisanci jikansa ne, haka maganar mutanen Hindu, haka ta Turawan da suka kawo muku jirgin ƙasa. Amma sun daɗe suna magana iska na kwashewa. Sai kusan shekara dubu huɗu da suka wuce, wasu fatake baƙi suka zo wannan ƙasa da jakuna, da tufafi da kuza. Su sun iya danna kara a ɗanyen yumɓu. Cikin wasiƙunsu suka rubuta sunayen masu masaukinsu, jikokin mutanen filin nan. Ka ji farkon shigar wannan zuriya cikin rubutu: ba da hannunsu ba, ba da haruffansu ba, a gefen maganar wasu."

Malam ya ce, "Ranki ya daɗe, ashe sunaye ne kawai?"

Ta ce, "Sunaye ne da 'yan kalmomi, amma su ne ƙofa. Bayan 'yan ɗaruruwan shekaru sarakunansu suka ari haruffan baƙin suka rubuta nasu da kansu, ga su nan a wannan bango. Wancan bangon na 'yan uwansu ne na bakin teku, da suka zo daga baya da nasu zanen. Na ƙurya can da kake gani kusan fayau, na mutanen gabas ne, waɗanda suka riƙe waƙoƙin ibadarsu da ka, uba ya ba ɗa, suka ƙi ba hannu sai can daga baya. Ka duba da kyau. Duk abin da ya tsira a nan, wuta ce ta tsirar da shi. Waɗanda suka ƙone birane sun zaci sun shafe su, ashe gasa musu alluna suka yi. Waɗanda wuta ba ta taɓa ba, damina ta cinye."

Shi Malam, gaskiya, ba tarihin mutanen da ba su san shi ba ne ya dame shi ba. Ya durƙusa ya ce ya kawo kayansu lafiya, a ba shi na matarsa.

Uwar Alluna ta ɗaga wani ƙyalle a gefenta. Ƙarƙashinsa akwai allo na ɗanyen yumɓu, mai laushi, an cika shi da zane gaba da baya, saura ɗan wuri kamar faɗin babban yatsa. Yana kallo sai wani sabon zane ya danno kansa a jikin yumɓun, ba hannun kowa. Ta ce wannan ita ce Hausar Hakama, duk abin da ta taɓa faɗa da abin da za ta faɗa, kuma ga wata kalma ta iso yanzu.

Ta ce, "Ka saurara, don ba na maimaita magana. Ba zan gasa shi a nan ba, abin da wutar nan ta gasa namu ne har abada. Ka kai shi gida ka gasa shi a wutar gidanku, a inda take gasa tukwanenta, kafin ranar yau ta faɗi. In ya gasu, harshenta zai koma bakinta ya zauna. Kada ruwa ya taɓa shi, ko ɗigo. Wuta na ce, ya kai mai tawada."

Ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe a sauran rawaninsa. Kurmuzu ya ce ya rufe ido. Da ya buɗe yana gindin kuka, shi kaɗai, ana kiran sallar la'asar.

Gidansa cike yake da mutane. Yayansa, Malam Arzika, wanda shi ya koya masa riƙon alƙalami kuma har yanzu Tunau ba ya zama a tabarma ɗaya da shi, ya zo tun jiya ya karɓi ragamar gida. Ya ce Hakama tun safe ba ta faɗi abin da aka gane ba sai kalma biyu ko uku. Tunau ya zauna a ƙasa ya ba shi labari tun daga fari, ya buɗe allon, ya ce a haɗa wuta.

Malam Arzika ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Tunau, da me aka halicci aljani?"

Ya ce, "Da wuta, Yaya."

"To me kake so ya ce maka? Shekara talatin kana wannan aiki, ka taɓa jefa rubutu a wuta ka ce magani ne? Maganar matarka ce a jikin abin nan, ka ce. Ka ƙona ta, ka ƙona bakinta. Abin da ake so ya shiga jikin mutum, wanke shi ake yi a sha. Ni da kai ba mu gaji wata hanya ba."

Dattawan da ke wurin duk suka ce haka ne. Ni kuwa abin da ke ba ni haushi a labarin nan shi ne, maganar ba ta wauta ba ce. Duk wanda ya tashi a inda suka tashi, in ya ji ta sai ya gyaɗa kai. Tunau ya tuna bangon nan na alluna, ya tuna tsohuwar ta ce ba ta maimaita magana amma ta maimaita wuta. Ya kuma tuna cewa aljana ce, a birnin wuta take zaune, kuma ba ta taɓa ce masa tana ƙaunarsa ba. Ya dubi allon, sai hannunsa ya ji abin da ya saba ji in allo ya cika. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba.

Ana cikin haka aka fito da Hakama. Ta rame, idanunta sun faɗa. Da ta ga mijinta fuskarta ta washe. Sai ta ga abin da ke hannunsa. Ba ta ji labarin Birnin Toka ba, amma ita maginiya ce, daga nesa ta san ɗanyen yumɓu. Ta ga kuma an ajiye ƙoƙo da ruwa a gefensa. Ta fizge daga hannun matan da ke riƙe da ita, ta ruga bayan gida ta rarumo kara da busasshen kashin shanu, ta zube su a matoya, ramin da take gasa tukwane. Ta dawo da gudu tana nuna allon, tana nuna ramin, maganar nan mai nauyi tana zubo mata kamar ruwan indararo.

Malam Arzika ya ce, "Ka gani ko? Abin da ke jikinta ma wutar yake so."

Wannan ita ta yanke shawarar. Tunau ya ce a riƙe ta. Mata huɗu suka danne ta a kan tabarma. Ta yi ta fama, ta ciji ɗaya, ta dubi mijinta ta tattaro abin da ya rage mata duka ta ce, "Malam, a'a." Ya ce mata ta yi haƙuri, yanzu za ta sami sauƙi, kuma har ga Allah abin da ya yi imani da shi ke nan. Ya yi bisimilla ya zuba ruwa.

Allon katako in an wanke shi, tawada ce ke fita, allo ya rage. Wannan da ruwa ya taɓa shi sai zanen ya lumshe, gefunan suka zube, abin duka ya narke a tsakanin yatsunsa. Kafin ya ankara babu komai a hannunsa sai taɓo. A nan ne ya gane, tun kafin a ɗura mata. Amma mutane na kallo, Yaya na tsaye a kansa, kuma babu sauran abin da za a gasa. Ya tallafo kanta ya ɗura mata ruwan taɓon.

Ta daina fama. Matan suka sake ta, ta tashi zaune ta goge bakinta da gefen zane. Kowa ya zuba mata ido ana jira. Ta dubi Tunau ta daɗe, sannan ta faɗi wata magana guda, gajeriya, a hankali, cikin harshen nan da ba mai ji. Rana ta faɗi. Malam Arzika ya ce a ba maganin kwana uku ya yi aiki, ya ɗauki takalmansa ya tafi gida.

Hakama ba ta ƙara yin Hausa ba, kuma ta daina ganewa in an yi mata. Ta ci gaba da ginin tukwane, tana dafa abinci, tana zuwa rijiya, sai dai yanzu mata na ɗiban ruwansu su watse da wuri. Tunau ya bar rubutun sha. Abin da ya sa a gaba shi ne maganar nan guda, don ba ta daina faɗinta ba. Kullum da safe in ta ajiye masa koko sai ta tsaya a kansa ta faɗe ta, ba ƙari ba ragi, ta koma ciki.

Ya haddace ta. Ya bi tashoshin jirgi da ita, gari gari. Ya karanta wa Larabawa, ya karanta wa Kwara, fararen fatan nan masu kanti, suka ce ba su taɓa ji ba. Wani Bature mai auna hanya ya sa ya maimaita sau uku, ya ce kalma ɗaya ta yi kama da tasu, kamar dai ka ga kamannin kakanka a fuskar baƙo, amma bai san ma'anarta ba. Wani mutumin Hindu mai gyaran inji shi ma ya ce haka, a kan wata kalmar daban. Daga nan ba wanda ya ƙara masa komai.

Shekara goma sha tara suka yi a haka, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Ta riga shi rasuwa da wata biyu. Waɗanda suka zauna da shi a ciwon ajalinsa sun ce bai yi ta kiran kowa ba, maganar nan yake ta maimaitawa, yana tambayar duk wanda ya shigo gaishe shi ko ya san abin da take nufi. Nan labarin ya tsaya, don Malam Tunau ya koma ga Ubangijinsa bai san ko yafe masa take yi kowace safiya ba, ko kuwa Allah ya isa ce.